Eriyar da Surukina Bai Yarda da Ita Ba

Lokacin da na sa wa motata rediyo mai kamo tasha ta tauraron ɗan'adam, na sha wahalar samar wa eriyar wurin zama. 'Yar ƙarama ce baƙa, da maganaɗisu a gindinta. Da na ajiye ta cikin mota, muryar ta riƙa yankewa a hanyar Kabo, sai na manna ta a tsakiyar rufin, inda ba abin da ya tare mata sama.

Surukina dagaci ne a wajen Durun. Ni nake kai shi Gwarzo zaman sulhun gonaki, kuma a hanya yakan ba ni labarin rigimar tun daga tushe. Ranar da ya ga eriyar, sai da ya zagaya motar sau biyu.

"Wa ya ba ka wannan?"

"Saya na yi, Baba. Ta rediyo ce."

"A hannun wa?"

Na ce wani mai shago ne, ban san sunansa ba.

"Tunda tana jiyo maganar sama, me zai hana ta kai tamu can?"

Na yi masa bayani iya sanina, amma ni ma ban taɓa ganin cikinta ba. Har muka isa Gwarzo bai taɓo labarin rigimar ba. Tun daga ranar, idan zan ɗauke shi sai na cire ta na bar ta a gida, shi kuma sai ya shafa rufin da hannunsa kafin ya shiga.