Injiniyan da Ya Cire Takalmi

Mijina Gidaɗo injiniya ne, amma in ka kankare injiniyan, ɗan masuncin Nguru za ka tarar. Shekara bakwai muna unguwar Withington a ƙasar Turawa, bai taɓa wuce ruwa bai leƙa ba, ko da na kwata ne. Har Raki 'yarmu ta daina jin kunyarsa.

A 2013 ne abin ya faru, lokacin da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, ana ta sallamar mutane. Kamfaninsu ya samu aikin gina rumbunan kaya a gaɓar kogin Mersey, can ƙasa inda kogin ke haɗuwa da teku. Aka tura shi ya duba filin, ana so ya sa hannu cewa taɓo ne da ciyawa kawai, a cike da ƙasa. Bizarmu kuwa a jikin aikin nan take. In suka kore shi, sai mu tattara.

Masuntan garinsu suna da ƙa'ida: ba a yanke wa ruwa hukunci daga tudu. Sai ka cire takalmi ka shiga, ka tsaya cik har laka ta kwanta. In ka ga 'ya'yan kifi, wurin reno ne, ba a jefa taru ko ana yunwa. To, mutumin nan, da kwat ɗinsa, a sanyin Afrilu, ya tuɓe takalmi ya shiga, Turawa na kallonsa. Ya daɗe a tsaye. Sai ga ƙananan kifaye farare suna giftawa ta tsakanin ƙafafunsa.

Bai san sunansu ba, don haka ya kira Catherine, wata mai binciken kifi a jami'a. Ta zo da ragarta, ta ce 'ya'yan salmon ne, kifin da ya ɓace daga kogin shekara da shekaru saboda dauɗar masana'antu, yanzu yake lallaɓowa. A irin wannan lungu suke hutawa su saba da ruwan gishiri kafin su faɗa teku.

Ya dawo gida wando duk taɓo, ya ce, "Maman Raki, ba zan yi signing ba."

Na ce, "Baban Raki, kifi ne zai sabunta mana visa? Kifin da ko miya ba ya yi wa daɗi?"

Ya ce, "Baba bai taɓa jefa taru a wurin reno ba. Ni kuma sai in zuba masa concrete?"

Kwana uku ban yi masa magana ba, kuma ban yi nadama ba, tsoro nake ji. Shi kuwa ya rubuta abin da ya gani, ya haɗa da binciken Catherine. Rahoton ya isa hukumar ba da izinin gini, aka ce rumbunan su ja baya, a bar gaɓar yadda take. Da aka tashi rage ma'aikata, sunansa ne na farko.

Saura kwana tara wa'adin zamanmu ya cika ya samu wani aiki a Birmingham, na duba magudanan ruwa. Muka koma can, unguwar Erdington, ɗaki biyu a saman shagon aski. Na yi mita har na gaji.

Bayan shekara uku ya ce in zo in ga wurin. Na tafi da niyyar gori. Na tarar da taɓo da ciyawa da iska, rumbunan can nesa. Catherine tana nan da ɗalibanta, duk sun tsaya cik a cikin ruwa. Ta ce mini tun daga ranar, haka take koya musu, kuma sunan mijina suke kiran lungun da shi.

Na dube shi, ya sunkuyar da kai wai shi kunya. Wallahi ban taɓa alfahari da mutum kamar ranar ba. Leshi ne a jikina, sabo fil. Ni na riga shi cire takalmi.