Ranar da Namadi Ya Dubi Surukarsa

Namadi malamin asibiti ne a Tambuwal, ni kuma abokinsa ne tun muna kiwon awaki a Kebbe. Watan jiya muka kai shi makwancinsa. Har yanzu in na ji ƙararrawar keke a ƙofar gida sai na ɗaga kai.

Mutum ne da ba ya tsoron ƙurji ko karaya, amma yana tsoron surukarsa, Inna Maimuna, uwar matarsa Ni'imatu. Tun da ya yi aure bai taɓa duban fuskarta ba. In ya hango ta a hanya, sai ya faɗa gonar mutane da kekensa.

Bayan samun 'yancin kai muka tafi aikin hajji tare, har da ita. A cikin jirgi ya nemi kujerar can baya ya lafe. Mun yi nisa a sama sai tsohuwa ta sulale ta suma. Ma'aikacin jirgi ya tambaya ko akwai mai aikin asibiti. Na ɗaga hannun Namadi da kaina, bai san wace ce ba sai da muka iso kanta.

Ya ce ni in duba ta, shi zai riƙa gaya mini abin yi. Ma'aikacin ya ƙi. Ya ce dokarsu ita ce wanda ya nuna shaidar aikinsa shi kaɗai ake buɗe wa akwatin magani, shi kaɗai kuma zai taɓa maras lafiya.

Sai Namadi ya durƙusa ya ba ta baya, ya miƙa hannu ta bayansa yana lalube. Ya kama wuyan hannu, ya danna, ya ce jijiya na bugawa kamar ta saurayi.

Na ce, "Hannuna ne, Namadi. Tsohuwa tana tafiya."

Na ga gumi ya keto masa. Ya yi bisimilla ya juya. Leɓɓanta sun bushe ƙamas. Matar da ke gefenta ta ce tun daga Kano ta ƙi cin komai, ta ƙi shan ruwa, wai ba za ta kama ruwa a sama bisa kawunan Musulmi ba. Ya tallafi kanta, ya shaƙa mata magani ta motsa, ya jiƙa sukari da gishiri yana ba ta da cokali.

Da ta buɗe ido sosai, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Kai wane na?"

Ya sunkuyar da kai ya ce shi ne mijin Ni'imatu.

"To, ɗiyata ba ta yi asara ba. Ashe har da wushirya."

Muna dawowa gida ya koma faɗawa gonakin mutane in ya hango ta.

Ranar addu'ar uku ta rasuwarsa, Inna Maimuna ta aiko aka kira ni. Ta ce sau ɗaya ta ga fuskarsa, kuma ba ta gama gani ba, in ba ta labarin sauran. Na fara, muka yi ta kuka. Allah Ya jiƙanka, Namadi.