Farcen Roba da Akuyar Habbanaye

A lokacin da abin nan ya faru ni ce mai gyaran amare a unguwarmu a Gazawa, kuma ina ji da kaina ba kaɗan ba. Lalle, dilka, kitso, duk ina yi, amma abin da ya fito da sunana shi ne farcen roba, wanda nake sara a hannun masu shigo da kaya ta iyaka. Ina da ƙa'ida guda da nake taƙama da ita: ba na sa wa mace sai a kwanakin da take fashin salla, don kada ya hana ruwan alwala taɓa farcenta. Da wannan ƙa'idar nake ganin na gama sanin sana'ata ciki da waje. Na rubuto muku ne saboda wata yarinya 'yar shekara goma sha uku ta nuna mini iyakar sanina.

Yarinyar ɗiyar ƙanwata ce. Ƙanwar tawa tana aure a wata ruga yamma da Gidan Rumji, mijinta makiyayi ne, shi ya sa aka kawo mini yarinyar ta yi kolej a wurina. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, Hausarta da ɗan lanƙwasa irin ta mutanen ruga, ni kuma ba na gajiya da tsokanarta cewa ƙanshin man shanu ya ƙi sakinta. In ta taso daga lakol, wato makaranta, takan zauna gefena ta yi tagumi tana kallon yadda nake jera wa amare farce. Ta roƙe ni ya fi a ƙirga, kullum amsata ita ce sai ta girma. Wata rana ta tambaye ni wai yaushe ne girman. Na ce ranar da ta fara fashin salla. Na faɗa ne kawai don ta ƙyale ni in yi aikina.

Ranar kuwa ta zo. Ba a jima da zuwanta ba aka bugo waya cewa ƙanwata ta haihu, ga shi an yi hutun lakol, muka shiga shirin tafiya suna. Kwanakin suka dace da kwanakinta, sai ta same ni a ɗaki ta sunkuyar da kai ta tuna mini alkawarina. Gaskiya na fi ta murna. So nake ta shiga rugar nan da jan farce zaƙo-zaƙo, matan can su san a hannun wa take. Da na buɗe kayana na tarar zafi ya busar da gam ɗina, maimakon in haƙura sai na je bakin kasuwa na sayo irin wanda masu gyaran takalma ke liƙa roba da shi. Kafin in fara ta yi mini tambaya guda ɗaya, wai in ta so cirewa zai fita? Na ce ruwan ɗumi kawai za ta sa. Na san ba gaskiya ba ne. A raina na ce kwana huɗu za mu yi mu dawo, in jiƙa mata da ruwan cire farce a gida. Ban tambaye ta dalilin tambayar ba, kuma wannan shi ne kuskuren da ya fi ci mini rai.

Tun daga Gazawa, muka wuce Agye da Cadawa har Maradi, hannuwanta na kan cinyarta kamar mai riƙon ƙwai. Daga nan sai Gidan Rumji, inda muka hau kabu-kabu zuwa rugar. Mata suka yi caa a kanta suna yaba yatsun, ni kuwa sai wani hura hanci nake. Kakarta ta wajen uba ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta kama hannun ta juya shi gaba da baya, ta tambaya ko akaifar nan tata ce ko ta aro. Yarinyar ta janye hannunta, ta gai da uwarta, ta leƙa jariri, sannan ta nufi gindin wata aduwa inda aka ɗaure wata jar akuya mai tsohon ciki. Ƙanwata ce ta yi mini bayani. Ta ce akuyar habbanaye ce. Al'adarsu ce, mai dabba ya ɗaura wa wanda ba shi da ita mace guda, ya kiwata har ta haihu, 'ya'yan su zama nasa, uwar kuma a mayar wa mai ita. Wata tsohuwa ƙawar kakar, wadda awakinta duka ba su wuce uku ba, ita ta ɗaura wa yarinyar wannan. Na ce to madalla, ban ma sake kallon akuyar ba.

Ana gobe suna maza suka tafi kasuwa neman rago, suka bar mu mata zalla. Bayan azahar akuyar ta fara naƙuda. Har la'asar ta kawo kai ba abin da ya fito sai ƙafa guda, akuyar ta kwanta ta miƙe wuya, kukanta ma ya fara dushewa. Aka buga wa likitan dabbobi waya, ya ce yana wani gari mai nisa wurin rigakafi, ba zai iso da rana ba. Kakar ita ce gwanar wannan aiki a duk yankin, amma sanyin ƙashi ya kanannaɗe mata yatsu, kuma akuya ba ta karɓar babban hannu. A nan na fara jin abin da ban sani ba duk zaman da muka yi: ashe tun yarinyar na da shekara tara kakar ke koya mata, ashe ita ake kira in tunkiya ko akuya ta kasa haihuwa. Idon kowa ya koma kan hannunta, ita kuma ta juyo ta dube ni, ta ce in taimaka mata da ruwan ɗumi.

Na kawo ruwan. Ta tsoma yatsunta ta jira, ta ja farcen, ko motsi bai yi ba. Ta sake tsomawa. Sai na ce a kawo reza a datse su. Aka datse, kakar ta kama yatsa guda ta goga a kuncinta, ta nuna mana farin layin da ya bari, ta ce wannan in ya shiga zai yaga mahaifar akuyar. Tsoro da kunya suka sa na fara faɗa, na ce a bar ta mana, akuya ce fa, in ta mutu ni zan saya wa tsohuwar biyu. Yarinyar ba ta ɗaga murya ba. Ta ce mini, Inna, ba a sayen wannan, da hannunta tsohuwar ta ɗaura mini igiyar, kuma wannan ɗin ce zan mayar mata tana tafiya da ƙafafunta.

Ta ce a ba ta cokali. Ta cusa gefen mayafinta a baki, ta sa bakin cokalin a ƙarƙashin robar ta ɓamɓare. Uku na farko suka fita da saman farcenta, na huɗu ya kawo jini, na manuniya kuwa ya taho da farcen gaba ɗaya. Ba ta yi ko tari ba. Ni uwar mata, ni ce na kurma ihu. Ta wanke hannun da sabulu da ruwan gishiri, kakar ta shafa mata man shanu har gwiwar hannu, ta durƙusa, ta kwantar da kuncinta a jikin akuyar, ta rufe ido. Tana magana a hankali da Fillanci, ƙanwata daga bakin ƙofar bukkarta tana faɗa mini da Hausa: 'ya'ya biyu ne, ƙafar da ta fito ta na bayan ce, na gaban kansa ya juya baya. Da yatsun da ke zubar da jini take ganin abin da mu masu ido buɗe ba mu gani. Ta mayar da ƙafar ciki, ta lalubo haɓar na gaban ta juyo da shi. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Na dai ga ɗan akuya ya sulluɓo, kakar ta share masa hanci ya yi atishawa, na biyun ya biyo shi, can uwar ta yunƙura ta miƙe ta fara lasarsu. Mata suka ɗau salati. Ni kuwa na zauna daɓas a ƙasa ina kallon yarinyar da nake aike sayen magi, na rasa ma yadda zan kira sunanta.

Bayan suna yatsan ya kumbura, muka kai ta likita a Gidan Rumji. Da ma'aikaciyar jinya ta tambayi irin gam ɗin na faɗa mata, kallon da ta yi mini kaɗai ya ishe ni. Tsawon wata guda yarinyar tana rubutu da hagu a lakol. Farcen ya sake tsirowa amma da tsaga a tsakiya, har yau haka yake. Da mahaifinta ya tambaya, ce masa ta yi ita ta nace a sa mata. Ba ta taɓa tona ƙaryata ba, kuma wannan shirun ya fi zagi ciwo.

Abin da na koya shi ne, na auna girmanta da tsawonta da kwanakin wata, alhali ta daɗe da girma a wani wurin da ban taɓa leƙawa ba. Iyaye mata da 'yan'uwana masu wannan sana'a, in yarinya ta nemi farcen roba kada ku tsaya kan shekarunta kaɗai. Ku kama hannun ku juya shi, ku tambayi aikin da yake yi a gida. Ku faɗa mata gaskiyar yadda ake cire shi, kada ku liƙa mata abin da ba ku da maganin fitar da shi a take, gam ɗin takalmi kuwa ku bar shi ga takalmi. In kuma ta yi muku tambaya, ku tambaye ta dalili.

Jar akuyar an mayar wa tsohuwar da ita tana tafiya da ƙafafunta. Bara a lokacin kaka yarinyar ta dawo daga hutu riƙe da igiya, a ƙarshen igiyar wata 'yar budurwar akuya, jikar waccan. Ta ɗaure ta a tsakar gidana ta ce habbanaye ce, tunda Inna ba ta da dabbar kanta, sai dai in sani ba a tatsa da dogon farce. Ranar na yanke nawa. Yanzu akuyar na da tsohon ciki, hannuna kuma ya yi mata girma, don haka na riga na roƙi yarinyar kada ta yi nisa.