Na Ce Wa 'Yan Sanda Jikata Ce

Abin ya faro shekarar da aka kulle mu a gida saboda korona, damina biyu bayan rasuwar maigidana Malam, tun ba a canja launin kuɗi ba. A lokacin duk Rafin Guza babu dillaliya kamata. Gidan da ban shiga ba, to babu mace a cikinsa. Ban yi boko ba, amma in na yabi zani sai kin saya ko tsumma ne.

Jikata Safiya ni na raine ta tun uwarta ta rasu. Da kulle ya zo, sai ta duƙufa kan wata waya mai fasasshen gilashi, wai tana koyon gina shafin intanet. Ba malami, sai bidiyo. Don kada data ta ƙare, takan kwafe alamomin nan a littafi, ta yi ta maimaitawa kamar mai hadda.

"Wannan rubutun tsutsa shi zai ba ki miji?" in ji ni.

"Shi zai saya miki haƙora, tsohuwa."

Da ta samu tsohuwar kwamfuta, ni ta fara gina wa shafi. Ta jera hotunan kayana, atamfa, kwanuka, gadaje. Ta sa lambar wayata. Mata su kira, in aika musu saƙon murya, in zuba zaƙin baki. Ciniki ya buɗe, na halal.

Ran nan wata ta nemi gado irin na yayi, ba ni da shi. Na je gaishe da wata Hajiya a Doka, matar ma'aikaci, na ga irinsa a ɗakinta. Tana shiga kicin na ɗauki hoto. Na ce wa Safiya sabon kaya ne. Mai neman gadon ta turo kafin alƙalami, na cinye. Ba abin da ya faru. Daga nan duk gidan da aka karɓe ni da ruwan sanyi, sai na fito da hoton ɗakinsu.

Safiya ta gane ne da mata suka fara rubuta kuka a ƙasan shafin. Ta karanta mini.

"Kaka, wannan sata ce. Zan rufe shi."

"Goge maganganun za ki yi. Wa ya wanke miki kashi? Wa ya hana a kai ki dangin uba? In kin rufe, ban yafe miki goyo ba."

Tana kuka ta goge.

'Yan sanda sun zo wata Laraba da hantsi. Shafi da sunan Safiya aka yi rajista, asusun banki nata ne. Na gyara mayafi na ce, "Ranka ya daɗe, dube ni. Ko sunana ban iya rubutawa ba. Ina ni ina na'ura? Yaran zamani ne, ku tambaye ta." Safiya ta juyo ta dube ni. Ni na miƙa mata takalmanta.

Wata huɗu ta yi a tsare tana jiran shari'a. Ban je ba ko sau ɗaya, ina tsoron a riƙe ni. Har a kotu ba ta ambaci sunana ba. Wata nas daga Mando, Maman Joy, wadda na cuta a kan kujeru, ita ta miƙe ta kunna wayarta. Sai ga muryata ta cika ɗaki: "'Yata, ni uwa ce, wallahi ba zan ci amanarki ba." Mutane suka yi dariya. Aka saki Safiya, ni aka ba ni shekara biyu.

A gidan yari na yi kwana kusa da bokiti, yaran da na yi jika da su suna aikena. Can na tuba, kuma ina kan tuba.

Ku yara masu koyon wannan aiki, ku koya, sana'a ce mai kyau. Amma kada ku ɗora hoton abin da ba ku gani da idonku ba. Kada ku ba kowa aron sunanku, ko da wadda ta goya ku ce. In babba ya ce ku goge kukan mutane, ku tashi ku bar masa gidan.

Alƙalin da ya ɗaure ni ya rasu. Hajiyar Doka tana nan, in ta hango ni sai ta sa a rufe get. Maman Joy tana nan. Safiya tana nan, tana gina wa shaguna da makarantu shafi, ta yi aure, ta haihu. A bakin mai ƙosai na ji. Na aika wa Safiya da turmin atamfa, aka dawo mini da shi ba a kwance ƙullin ba. Ta ce a tambayi tsohuwa, turmin na wace ce?