Mai Kunne da Tabarau Mai Jin Magana

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Da safiyar Talata, sha huɗu ga watan Maris, Allah Ya karɓi ran babban makanikin masana'antarmu, wanda kowa ke kira Mai Kunne. Ni Baba nake ce masa.

Baba, na zo wurinka bara da takardar jami'a a hannu. A lokacin ciwon rawar hannu ya hana ka riƙe sifana, balle danna kwamfuta, har manaja ya fara zancen ritaya. Kai kuwa ka nemi a gwada ka da sabon tabarau ɗin da aka kawo: mutum ya kalli abin da yake so a zanen injin, ya yi magana, shafi ya buɗe, hannu bai taɓa komai ba. Manaja ya ce idan ka jagoranci gyaran babban famfon ruwa da shi, ka zauna. Ni aka ɗora wa saita shi.

Gwajin farko bai yi daɗi ba. Duk lokacin da ka tsaya gaban famfon, sai zanen ya ɓace. Na duba waya, na duba batir, na rasa dalili. Ka ce, "Injiniya, kwantar da hankalinki. Famfo ne ba shi da lafiya, ba ke ba."

Sai na lura da abin da kake yi. Ba ka sauraron injin sai ka rufe ido, tabarau ɗin kuma an tsara shi ya ɗauki rufe ido a matsayin umarnin rufe shafi. Na roƙe ka ka riƙa barin idonka a buɗe. Ka yi dariya ka ce, "'Yata, a tsufana zan sake kunne? Shi ne yaro, shi zai koya."

Na sauya tsarin, ya koma jiran muryarka kaɗai. Ranar gyaran ka tsaya, hannuwanka a baya, ka rufe ido, ka ce boris, wato zoben da sandar injin ke juyawa a ciki, na gefen motar lantarkin famfon ne ke kuka. Ka buɗe ido, ka kira zanen, ka bi da mu ƙusa bayan ƙusa. Da famfon ya tashi lafiya lau, manaja ya zo ya riƙe hannun nan mai rawa da hannu biyu. Ba a sake zancen ritaya ba. Kana bakin aikinka har makon da ka kwanta.

Tabarau ɗin yana nan yadda ka horar da shi. Duk wanda ya sa, yana iya rufe ido ya saurara.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ga Mama, uwargidanka, da 'ya'ya da jikoki, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, mu ma Ya ba mu.