Jar miya da jinin Hannatu

Shekara ashirin da biyar ke nan da muka binne yayata Rifkatu, unguwarzoma, a bayan majami'ar ƙauyenmu kusa da Kagoma. Bana ma na je kabarin, na tarar alayyafo ya fito a gefensa ba wanda ya shuka. Ban cire ba, don na san da wadda nake hulɗa.

A shekarun saba'in ina koyarwa a Kafanchan, lokacin da tumatir ɗin gwangwani ya zama shaidar wayewa. Gidan da aka ga jar miya, an ce an ci gaba. Ganye kuwa sai a ɓoye shi in baƙo ya shigo, kamar ɗan'uwan da ya sha burkutu da rana.

Matata Hannatu ta haifi 'yarmu ta fari, ta zubar da jini sosai. In ta miƙe sai jiri ya ɗebe ta, nono ya ƙi zuwa, jaririya tana ta kuka. Matan zumunta na majami'armu suka yi gayya saboda ƙauna, kowace da kwanonta na shinkafa da jar miya. Hujjarsu ɗaya ce: jini ja ne, tumatir ja ne. Na koyar da darussa da yawa, ban taɓa jin wanda ya shiga kan mutane da sauri haka ba. Hannatu tana ci, tana ƙara fari.

Sai ga Yaya Rifkatu da damin ganye a ka. Ta ja fatar idon Hannatu ta duba, ba ta gaishe da kowa ba.

Surukata ta ce, “Sista, matar malam ce fa. Ganye za ki ba ta kamar akuya?”

“Mama, kin taɓa ganin akuya tana jiri? Kama da wane ba ta wane. In ja ne magani, mu jiƙa mata jan alli na ƙanena.”

Ba ta raina tumatir ba. Ta ce yana da amfaninsa, amma ɗan gwangwani guda da aka nutsar a mai don mutum goma, launi kawai ya rage masa. Abin da ke gina jini yana cikin alayyafo da zogale da ganyen wake, muddin ba a kashe su da kanwa ba, ba a kuma zubar da ruwan dahuwar ba. Ta dama faten acca, ganye ya fi acca yawa, ta sa wake da hanta, ta ɗiga tumatir kaɗan a matsayin ɗan rakiya. Kafin a yi wa yarinyar baftisma, Hannatu da ƙafarta ta je rijiya.

Da Yaya za ta leƙo yau, za ta ga tumatir ya koma leda, likitoci kuma suna roƙon manya su ci ganyen da iyayensu suka ɓoye. Ba za ta yi murna ba. Za ta tambaya ko har yanzu ana kai wa mai jego launi a kwano. Ana kaiwa, Yaya.

Yaya ba ta bar gadon gida ko gona ba. Gwangwanayen da matan zumunta suka tara ta huda ta zuba ƙasa, ta yafa iri, ta mayar wa kowace da nata. Jaririyar nan yanzu tana da jika. Ranar da 'yarta ta sauka, na ga 'yar tawa a bakin asibiti da damin ganye a ka, ba ta gaishe ni ba sai da ta duba idon mai jego.