Harsashin da Kaka Ta Ba Ni

Daga Birnin Konni har Illela, in ana maganar zubin dalma, sunana ake fara kira. Ni da ka gan ni, ko ido rufe na ɗauki harsashi, zan gaya maka hannun da ya zuba shi da abin da mai hannun ya ci da safe. Gaskiya dai ban taɓa harbe ko ƙadangare ba, aikina jan motar siminti ne a Malbaza. Amma jini ba ya ƙarya.

Kakata Inna Hajo ɗiyar maƙera ce, ta auri maharbi a Badaguishiri. Shi ke da bindigar toka, ita ke zuba masa harsashi. Bayan isha'i takan hura gawayi a tsakar gida, ta aza ludayin ƙarfe da guntayen dalma, ta ja layi a ƙasa da ƙafarta. Wanda ya ƙetare layin ya sha ranƙwashi, wanda ya kawo ruwa kusa ya sha biyu. Mazubinta wani ƙarfe ne kamar awartaki, bakinsa na da rami zagayayye. Ta haɗe shi, ta tsiyaya, ta buɗe, sai ƙwallo ya faɗo cikin toka yana walƙiya. Kafin dalma ta narke akwai jira, kuma a jiran nan ne tatsuniya ke fitowa.

"Ga wata baƙuwa tahe," in ji ta.

Mu ce, "A shimfiɗa mata tabarma."

Wadda na fi riƙewa ta wani maharbi ce da kura ta addabi garinsu. Ya zuba harsashi, sai ya fito da ɗan doro. Ya ce ba komai, kura ba ta duba kyau. Ya ɗura, ya auna, ya harba. Harsashi ya yi kwana ya fasa randar maigari. Maharbi ya tsinto shi, ya zage shi tas, ya narkar, ya sake zubawa. Doro na nan. Wannan karon ya huda gangar makaɗi. Sau bakwai yana narkarwa, kura kuwa har ta yi teɓa da awakin mutane. A na bakwai dalma ta gaji, ta yi magana daga cikin ludayi. A nan Kaka takan siranta murya: "Bawan Allah, mi na yi maka? Ɗakin da ka sa ni, shi nika kwana. Tahi ka duba ɗakin." Ya duba mazubi, ashe ya tsage. Daga nan sai Kaka ta ce baƙuwa ta naɗe tabarmarta, kowa ya nemi wurin kwanciya. Ko an kashe kurar, ba ta taɓa gaya mana ba.

Bara birai suka sa lambun ƙanena gaba. Akwai wani tsohon maharbi, Malam Ibro, bindigarsa na nan amma mazubinsa ya ɓata. A wurin mai shayi, gaban mutum ya fi goma, na bugi ƙirji na ce kafin ranar kasuwa zan kawo masa harsashi irin na Inna Hajo, wanda biri kan ji labarinsa ya yi hijira. Mazubin Kaka ya daɗe da salwanta, amma ina da harsashi guda da ta ba ni da hannunta, yana cikin gwangwani tun ina yaro. Na kai wa wani maƙeri a Konni, na ce ya ƙera mini mazubi a kansa, kada ya ƙara kada ya rage.

Na zuba ashirin. Malam Ibro ya ɗauki ɗaya, ya mirgina a kan faranti, harsashin ya yi ɗingishi ya tsaya. Ya gwada a bakin bindiga, ya ƙi shiga. Na ce dalmar ce ta zamani. Na narkar, na sake. Na sayo wata, na sake. Sai a zubi na huɗu, ana jibi kasuwa, na ji kamar siririyar muryar nan daga cikin ludayi, na ajiye shi na zauna.

Da ina yaro na ɗauka labarin wawan maharbi ne, abin dariya. A zaunen nan na ga maƙerin Konni bai cuce ni ba. Abin da na kai masa ya kwafa, har da karkacewar. Sai na shiga tunanin abubuwa nawa na ɗauko daga manya na riƙe gam, don kawai daga hannunsu suka fito, ban taɓa mirgina ko ɗaya a faranti ba.

Duk da haka ban yarda Kaka ta yi kuskure ba. Na ɗauki gwangwani na tafi Badaguishiri wurin yayata Hassu, wadda ta fi ni wayo lokacin. Ta juya harsashin a tafin hannu, ta dube ni.

"Wanga ka kai aka yi mazubi?"

Na ce shi ne, gadon gidanmu.

Ta ce, "Masu kyau kakanmu taka ba, ya tahi daji da su. Waɗanda suka lalace taka miƙa muku don ku bar mata kuka. Shekara arba'in kana ajiyar shara cikin gwangwani."